Bindigar kakanmu ta yi tsatsa: yaya zan gyara ta, kuma ina ake samun kayanta?

Jikan Maharbi, Anka: Assalamu alaikum. A rabon gado bindigar toka ta kakanmu ta faɗo hannuna, irin mai dutsen ƙyastu. Bututun ya yi tsatsa, ƙotar ta tsage kusa da kunama, zobe ɗaya da sukuru biyu sun ɓata. A jikin ƙarfen akwai wani tambari mai kama da ƙwai da haruffa uku a ciki. Ba harbi nake so ba, ajiya ce don tarihi. Ta ina zan fara?

Baba Maƙeri, Ƙauran Namoda: Wa alaikumus salam, yaro. Kafin komai ka tabbatar babu ɗuri a ciki. Maharban dā sukan rataye ta a ɗure, albarushi kuwa idan bai sha ruwa ba yana iya tashi bayan shekaru masu yawa. Ka juya bakinta inda babu kowa, ka zura siririn kara har ya tsaya, ka yi alama daidai baki, ka zaro ka gwada shi a waje. Idan ƙarshensa bai kai ƙaramin ramin da wuta ke shiga ba, to akwai abu. Ka tsiyaya kananzir ya jiƙa shi, ka bar wa masani ya fitar. Kada ka kai ta kusa da wuta don sukuru ya saki. Nan ake rasa yatsu.

Tsatsa iri biyu ce. Ja mai gari ita ke cin ƙarfe, ita za ka cire. Ruwan ƙasa mai santsi kuwa rigar tsufa ce, ka bar ta. Man keken ɗinki za ka shafa, ya kwana biyu, sannan ka kankare da gefen tagulla, domin tagulla ta fi ƙarfe laushi, ba za ta yi masa zane ba. Ban da takardar yashi, ban da ruwan batir. Suna sa ta ƙyalli, amma su shafe tambarin da shi ne shaidarta.

Malamin Tarihi, Argungu: Baba ya yi gaskiya a kan tambari. Idan haruffan ELG ne, an gwada bututun a Liyej ta Beljiyam. Idan da kambi a saman ƙwan, daga 1893 ne zuwa sama. Na Bamingam ta Ingila daban yake, sanduna biyu ne gicciye da kambi, kuma gidan gwajinsu tun 1813 yake. Sai dai bututun kawai tambarin yake shaida. Sau da yawa ƙota aikin masassaƙin gida ce da aka sauya daga baya, kuma wannan ma tarihi ne, ba aibi ba.

Batun doka kuma: Dokar Bindigogi ta 1959 ta haɗa har da masu ɗuri ta baki, gyaran bindiga ma sai mai izini. Ga halin tsaron Zamfara, kada ka ɗauko ta a mashin zuwa kasuwa. Ka je ofishin 'yan sanda hannu sake, da hotonta a waya, ka ji ƙa'ida tukuna.

Kafinta, Gusau: Ranka ya daɗe, ƙota ba ta son baƙin mai, yana sa itace ya yi laushi kamar ɓawo. Man gyaɗa kuma yana ɗoyi ya kira kiyashi. Ka goge da tsumma mai ɗan danshi, ta bushe a inuwa. Tsagar, ka busa ƙurar ciki, ka tura gam ɗin katako da tsinke, ka naɗe da robar tayar keke kwana ɗaya. Ƙusa za ta ƙara tsaga ta ne. Daga nan kakin zuma kaɗan. Idan ka ga ƙananan huji suna zubar da gari, ƙwaro na ciki, a fara da maganinsa.

Jikan Maharbi: Na gode ƙwarai. To sukurun fa, na shagon kayan mashin za su shiga?

Baba Maƙeri: Ba za su shiga ba. Zarensu, wato layin murɗin da ke jikinsu, ba ɗaya ba ne, idan ka matsa ka cinye ramin. Ka cire ɗaya daga cikin waɗanda suka rage a auna shi a yi kamarsa. Zoben kuwa maƙerin farfaru zai yanka maka daga fallen tagulla idan ka auna kaurin wurin da zare. Duk abin da ka cire, ko karyayye ne, ka ƙulle a tsumma ka ajiye tare da ita. Sifirin ɗin ciki idan ya karye ka bar shi haka, tunda ratayewa za ka yi.