Sunaye biyu ga kifi guda: wane rumbun bayanai zan gaskata?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Ina binciken digiri na biyu a kan kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga teku, wanda 'yan kasuwa ke kira titus. Na samu jerin DNA na sashen COI (wani yanki na DNA da ake amfani da shi wajen gane jinsin dabba) daga kifaye da dama, amma da na saka ɗaya a BLAST, manhajar kwatanta jerin DNA a intanet, sai ya dace da Scomber colias da kuma Scomber japonicus, kowanne sama da kashi 99 cikin ɗari. Kwalin kifin ya nuna cewa a Tekun Atlantika aka kamo shi. Wane suna ya kamata in rubuta?

Malam Sambo:
Wa alaikumus salam, Malama. BLAST ba ya tantance jinsi. Kwatanta jerinki kawai yake yi da abin da aka zuba a GenBank, babban rumbun jerin DNA da masu bincike ke zuba nasu a ciki, kuma sunan da mai zubawa ya rubuta shi ne zai fito, ko daidai ne ko kuskure. Masana sun daɗe suna ɗaukar wannan kifi na Atlantika a matsayin japonicus kafin su ware shi su kira shi colias, saboda haka tsofaffin bayanai na iya ɗauke da tsohon suna. Ki buɗe kowane sakamako ki duba shekararsa da tekun da aka kamo kifin, domin a nan gaskiyar take fitowa. Sannan ki tabbatar da sunan a WoRMS, rajistar halittun teku da ake kula da ita a Beljiyam.

Ɗan Agadas:
Ina goyon bayan Malam, sai dai zan ƙara BOLD, rumbun jerin DNA na gane jinsi na Jami'ar Guelph a Kanada, inda bayanai da dama ke zuwa da hoton kifin da wurin da aka kama shi. Ki kuma duba hotunan karatun na'urar da ta fitar da jerin da idonki, ki datse farko da ƙarshen jerin, saboda gurɓatattun haruffa kaɗan a cikin haruffa kimanin 650 na jerin suna iya sauya lissafin.

Maman Hanifa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na buɗe sakamako biyu masu sunan japonicus, na tarar duka daga Atlantika aka kamo kifayen. Yanzu zan datse jerin in gwada shi a BOLD.