Waɗanda suka taɓa bin Hanyar Oregon, ku ba mu labari

Baban Hanifa, Kansas City

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hutun yara ya matso, uwargida ta ce bana ba za a ƙare shi a gaban talabijin ba. Garin Independence na jihar Mizuri yana nan gefenmu, inda a shekarun 1840 ayarin masu ƙaura kan haɗu su nufi yammacin Amurka da amalanke. Hanifa ta karanta labarin a makaranta, ta hana ni sakat sai mun bi hanyar da mota. Kilomita kusan 3,500 ce zuwa Oregon City, aljihuna ba zai ɗauki duka ba. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini inda ya cancanci tsayawa da inda asarar mai ce kawai.

Ɗan Gwammaja

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni direban tirela ne, Nebraska da Wayomin sun zama mini tsakar gida. Chimney Rock, wani dogon dutse mai tsini a Nebraska, za ka hango shi tun daga nesa, ka yi ta tafiya kamar ba ka matsawa. Ka tsaya yara su ɗauki hoto ku wuce, rabin awa ta isa.

Inda zan ce kada ka kuskura ka tsallake shi ne Guernsey a Wayomin. A wurin kogi ya matse hanya, dole kowace amalanke ta hau tudu ɗaya, ta bi sawun ta gabanta. Ƙafafun ƙarfe da kofaton shanu suka yi ta cin dutsen har suka rarake shi, wani wurin zurfin ya kai mita ɗaya da rabi. Na shiga ciki na tsaya, bakin dutsen ya kawo mini ƙirji. Ba gilashi, ba mai yi maka dogon bayani, da hannunka za ka shafa. Fort Laramie kuwa tsofaffin gidajen soja ne kawai, ni dai bai burge ni ba.

Maman Walid, Denver

Baban Hanifa, a gaida Hajiya. Mu Independence Rock muka je, tafiyar awa guda daga Casper. Dutse ne shimfiɗaɗɗe a tsakiyar fili, ana hawa, kuma a samansa sunayen matafiya suka fi fitowa, wasu da shekara a gefe, 1850 da makamantansu. Lissafinsu shi ne su iso nan kafin 4 ga Yuli. Ba sa barin Mizuri sai ciyawa ta fito a Afrilu ko Mayu, don shanu su samu na ci a hanya, wanda kuma ya makara ƙanƙara ta tare shi a duwatsun gaba. Hajiya ta ɗaure mayafi da kyau, iskar wurin ba ta da kunya.

Gaba kaɗan akwai Martin's Cove, cocin Mormon ke kula da shi. Suna ba da amalanken hannu a gwada ja. Walid da ƙaninsa suka karɓa da tsalle, ba a je ko'ina ba suka fara haki suna neman ruwa. Irinta mutane suka ja a 1856 za su Utah, sun taso a makare, ƙanƙara ta rufe su a Oktoba, ayari biyu suka rasa sama da mutum 200. Daga nan yaran suka bar wasa.

Ɗalibi a Lincoln

Anti ta yi gaskiya kan iska. Ni abin da ya tsaya mini a rai kabari ne. Kusa da garin Scottsbluff akwai na wata mata, Rebecca Winters, kwalara ta kashe ta a 1852. Da ƙarfen da ke zagaye ƙafar amalanke aka yi mata alama, aka sassaƙa sunanta a jiki, shi ya sa ba ta ɓace ba. Yawancin waɗanda suka mutu ko wannan ba su samu ba. Finafinai sun sa muna zaton faɗa da 'yan asalin ƙasar ne ya fi cin rai, alhali cuta ce, musamman a bakin kogin Platte inda dubban mutane ke sauka zango ɗaya suna shan ruwa ɗaya. Sai nutsewa wurin ƙetare kogi, da bindigar da ta tashi ba da niyya ba.

Ma'aikacin wurin tarihi na dutsen Scotts Bluff ya ce mana amalanken ta kaya ce, gari da naman alade da kayan aiki. Mutane a ƙasa suke takawa, wata huɗu zuwa shida. Itace babu a filin, sai mata da yara su tsinto busasshen kashin ɓauna a yi girki. Turawan da ke tare da mu suna ta yamutsa fuska, ni kuwa na tuna kakata da kashin shanu a murhu.

Kawu na Portland

Ɗan Gwammaja, ban yarda da kai kan Fort Laramie ba. Ginin ba shi ne abin kallo ba. A kusa da nan aka zauna da ƙabilun 'yan asalin ƙasar a 1851 aka yi yarjejeniya su bar ayari ya wuce a riƙa biyansu. Shekara uku kacal, a 1854, saniyar wani matafiyi ta ɓace ta faɗa zangon ƙabilar Lakota, wani ya yanka. Shugabansu Conquering Bear ya ce zai biya diyya, wani matashin hafsa mai suna Grattan ya ce sai an miƙa masa mutumin. Aka harbi shugaban, su kuma suka kashe sojojin kusan 30. Yaƙin da ya ɗauki shekara ashirin da wani abu daga kan saniya ya kunno kai. In Hanifa za ta ji labarin masu wucewa, ta ji na waɗanda aka ratsa ta gidansu.

Nan ƙarshen hanya ma akwai abin da ya shafe mu. A 1844 mahukuntan Oregon suka yi dokar hana baƙar fata zama, har da tanadin bulala. A shekarar wani baƙar fata mai hali, George Washington Bush, ya iso da ayarinsa, dole ya haura arewacin kogin Columbia ya zauna a inda yanzu jihar Washington take. Dokar 1850 ta ba miji da mata eka 640 kyauta, baƙar fata ba ya ciki. Na tsaya a gidan tarihin Oregon City ina karanta wannan, jikata tana jan rigata wai in zo in ga amalanke. Duk wanda ya iso gabashin Oregon ya shiga gidan tarihin Tamástslikt kusa da Pendleton, mutanen Cayuse da Umatilla da Walla Walla ne suka gina, da bakinsu suke ba da labarin.

Ɗan Gwammaja

Na sallama Kawu, girmanka ne. Amma da a ce ka tsaya cikin ramin Guernsey da ba ka yi mini musu ba.

Baban Hanifa

Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Mun yanke: Nebraska, Fort Laramie, Guernsey, mu juyo daga Independence Rock. Oregon sai wata shekara, Kawu ka tanadi masauki. Abinci fa?

Maman Walid

Ku yi dambun nama da soyayyen kaza a gida, ku cika kula. Bayan Omaha da Lincoln samun naman halal sai an sha wuya. Kuma in kun shiga Wayomin, kada tanki ya sauka ƙasa da rabi.