Ku ba ni shawara dan Allah, mai wa'azin makarantarmu ya saka min ido

Salamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye min suna. Ni ɗaliba ce, na zo Amurka yin digiri na biyu a watan Agusta, jami'ar gwamnati ce a wata jiha mai shegen sanyi. Tunda aka fara karatu akwai wani bature da ke zuwa duk Talata ya tsaya a filin da ke tsakanin laburare da wajen cin abinci, lasifika a hannu, ga ƙaton allo ya jera waɗanda wai za su shiga wuta, mashaya, mazinata, sai Musulmi can ƙasa da jan fenti, yaronsa kuma na gefe da kyamara yana ɗaukar komai. Ɗalibai su yi masa zobe kamar ana wasa da kura, wasu na ihu wasu na dariya. Da wucewata nake. To shekaranjiya ya hango hijabina sai ya nuno ni da yatsa ya faɗi maganar da bakina ba zai iya maimaitawa ba a kan Manzon Allah SAW, wlh jikina tsuma ya dinga yi, kuma ɗan sandan makaranta na tsaye ya harɗe hannu ko tari bai yi ba. Wani ɗan Sudan da muke aji ɗaya ya yi kansa zai fizge allon, da ƙyar na riƙo shi ta jaka. Yanzu in kai ƙara ne ko in tara 'yan uwa mu je mu ba shi amsa? Ko barci ban iya yi.

Yayanku na Tekzas: Ƙanwata sannu, amma fara gode wa Allah da kika riƙe yaron nan. Da ya taɓa allon shi za a sa wa ankwa ba baturen ba, kuma mai bizar karatu ta F-1 in 'yan sanda suka kama shi ana iya soke bizar tun kafin a je gaban alƙali. Ɗan sandan da kika gani ya zo ne don kada a daku, ba shi da ikon ƙwace lasifikar saboda abin da ake faɗa. Gyaran farko na tsarin mulkinsu, tun 1791, ya hana gwamnati rufe bakin mutum, jami'ar gwamnati kuwa gwamnati ce. Iyakarta ta tsara wuri da lokaci da ƙarar lasifika. Akwai wani coci a Kansas, Westboro, da suka je zanga-zanga da alluna na cin mutunci kusa da jana'izar sojan Amurka, uban yaron ya kai su kotu, a 2011 kotun ƙoli ta ba cocin gaskiya, alƙalai 8 cikin 9. In ba a hana su a kan gawar sojansu ba kin san sauran.

Ɗan Fagge: Haba yaya, a zagi Annabi mu yi shiru?? Ni dai da ina wurin sai dai a dawo da ni gida.

Yayanku na Tekzas: Kai kana Kano kana cin gurasa, ita ce za a dawo da ita, da kuɗin makarantar da iyayenta suka sayar da fili suka biya. Kuma kyamarar nan don irinka aka kawo ta, ka hasala a yanka minti ɗaya a saka YouTube a ce ga Musulmi nan.

Wata 'yar uwa Kirista daga Wusasa: 'Yar uwa ki yi haƙuri, kunya ce ta kama ni da na karanta. Na yi karatu a can, mu ma da giciye a wuya irin waɗannan masu wa'azin ba su bar mu ba, wata ta taɓa ce min karuwa saboda na sa wando. Tsohuwar sana'a ce, akwai wanda ake kira Brother Jed da ya yi kusan shekara hamsin yana zaga jami'o'i da wannan salon har ya mutu a 2022, matarsa Sister Cindy ta ci gaba har ta yi suna a TikTok. Yawancinsu ba ɗalibai ba ne, kuma ƙungiyoyin ɗalibai Kiristoci da kansu kaucewa suke don suna ɓata mana suna. Taro ne abincinsu, ranar da aka yi ruwa ba kowa a fili da wuri suke tattara kaya.

Malamin jami'a, Ohayo: Ƙara a kan kalamansa ba za ta je ko'ina ba, makarantu ma tsoron kotu suke. Wani ɗalibi ɗan asalin Najeriya, Chike Uzuegbunam, makarantarsa a Jojiya ta hana shi wa'azi a 2016, sai da magana ta kai kotun ƙoli ya yi nasara a 2021. Amma in ya bi ki, ko ya tare miki hanya, ko ya yi miki barazana ke ɗin nan, dokar 'yancin faɗar albarkacin baki ba ta kare shi ba. Rubuta rana da lokaci, ki kai wa ofishin kula da harkokin ɗalibai da na ɗaliban ƙasashen waje. Ki nemi MSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, kusan kowace babbar jami'a akwai ta, tun 1963 take. A nan namu teburi suke kafawa nesa da shi da shayi da dabino, mai tambaya ya zo ya zauna.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na tura wa ɗan Sudan ɗin duk abin da kuka ce, ya ce shi ko sanin maganar biza bai yi ba. Na samu 'yan MSA, ashe ɗakin sallarsu na bayan laburare ne. Talata mai zuwa ta ƙofar baya zan bi tare da wata 'yar Malesiya, tukunna dai, don har yanzu in na ji lasifika gabana faɗuwa yake.