"Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni": ta hau kan mai kaɗa bas kuwa?

Mai Bas na Bagalam: Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya bayan isha'i muna gwaji, wani yaro da ke koyo wurinmu ya ɗauki gitar bas tawa ya jujjuya ta, ya ce, "Yaya, har yanzu wannan tsohuwar? Ba ka gajiya da ita?" Squier ce, wato ƙirar Fender mai rahusa, mai tsirkiya huɗu, na saye ta a hannun wani a Kano shekara 11 ke nan. Fentin inda damtsena ke guga ya ƙoƙe har itace ya fito, maɓallin ƙararta ma na wata tsohuwar rediyo ne. Na ce mishi guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai mai gangarmu ya ce karin maganar ba nan ne muhallinta ba. Muka yi ta ja har aka ɗauke wuta. Ku raba mu. Ni dai nufina, abata ta ishe ni, idona ba ya kan wata.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Mai gangarku ya fi ka gaskiya, ɗana. Ka saurari rabin maganar na biyu. Wa ke cewa "sari ka ba ni"? Mai gatari ne, yana tsaye a kanka, ka ari nasa, kafin ka yi sara biyu ya miƙo hannu. Abin da aka auna a nan naka da na aro ne. Yaron bai ce ka je ka aro ba, cewa ya yi ka sake wata. Abin da ke ranka wadatar zuci ce, ita kuwa kalma ce mai zaman kanta.

Ƴar Zariya: Malam, ni kullum "sara ka ba ni" nike ji a bakin mutane. Wanne ne daidai?

Malamin Hausa: Ana jin duka biyun, ɗiyata, amma "sari" shi ne umarni, kamar yadda za ki ce wa mutum "sayi" ko "ɗauki". Umarnin kuwa shi ne gishirin maganar. Da shi kike jin gaggawar mai kaya.

Tsohon Ɗan Orkes: Malam, a nahawu ba ni ja da kai, amma a sana'a bari in sa baki. A Maraɗin nan makaɗin bas nawa ne ke da tasa ta kansa? Yawanci ta mai orkes ce, ko ta mai ba da hayar kayan sauti. Ka kaɗa a biki, a tashi, a karɓe a kulle. Gobe ka zo ka tarar wani ya taɓa ta, ya ɗaga tsirkiya sama har yatsa ya yi ƙanta. Shekara tara na yi a haka kafin in mallaki tawa. To in ƙanen nan namu ya ce guntun gatarinsa, ni na san da wa yake. Wadda yaron ke kwaɗaita mishi, mai tsirkiya biyar, mai walƙiya, a Maraɗi ba ta shiga hannunka sai ta hanyar aro ko bashi. Ka ga maganar ta dawo inda Malam ya ajiye ta, kuma ta hau.

Ɗan Gulbi: Baba, ku yi mini haƙuri, ni wannan karin maganar ta zame mana mafaka. Duk wanda ya kasa ci gaba sai ya jawo ta. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Yanzu mai piyano na sauka ƙasa sosai, mawaƙiya ta ce a rage mata murya, kai kuma tsirkiyarka ta ƙasa sautin mi ce (a jerin do, re, mi), daga nan ba ka da wurin zuwa. Mai tsirkiya biyar na da sautin si a ƙarƙashin mi, ya ƙara samun sauti biyar da kai ba ka da su. Wannan ba kwalliya ba ce, aiki ne.

Mai Bas na Bagalam: Gaskiya ne akwai su. Amma faɗa mini, a wane bafal kake jin su? Mi ta ƙasa tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, si kuwa wajen sau 31. Bafal ɗin da ake kawo mana wurin biki, a fili, ga gurup na ruri a gefe, mi ɗin ma da ƙyar yake fitar da ita. Ka danna si sai ka ji takardar bafal na ɓarɓar kamar tsumma a iska. In mawaƙiya ta sauko, ni sai in sassauta mi ta koma re, in ci gaba da harkata.

Ɗan Gulbi: Sai ranar da aka kira ka situdiyo a Yamai.

Mai Bas na Bagalam: Ranar sai in ara, a ce mini sari ka ba ni, in sara in bayar.

Mai Gyaran Rediyo: Hahaha. Ni ba makaɗi ba ne, amma gatarin kowa a teburina yake kwana, guntu da dogo. Abin da na lura, bas mai sauƙin ciki ita ke jure ƙasar nan. Irin ta Yaya, mikro ne mai ɗaukar sautin tsirkiya da maɓalli biyu da ramin jak, in ta yi shiru minti goma na liƙe wayar da dalma. Masu pil kuwa, ɗan ƙaramin nan mai volt 9, mutum ya manta jak a ciki ya kwana, pil ya ƙare, ana tsakiyar wasa sauti ya fara kwarkwar ya mutu. Wani kuma ɗan uwansa ya aiko mishi ampili daga Amurka, bai duba bayansa ba, na wutar 120 ne, ya soka a tamu ta 220. Hayaƙi kawai muka gani. Tsohon ampilin da ya raina ya jefa ƙarƙashin gado, shi ya fidda shi kunya a bikin.

Sai kuma hunturu. Itace na bushewa ya tsuke, bakin ƙarafan wuyan gitar su fito suna yankar hannu, wuyan kansa ya motsa. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan, ana juya ta da ɗan makulli, rubu'in zagaye, a bari ta kwana, a sake dubawa. Wanda ya shekara goma da bas ɗaya ya san watan da za ta yi mishi haka tun kafin ta yi. Sabuwa sai ka koyi halinta daga farko.

Ƴar Zariya: To ashe ba gatari ya kamata ya ce ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Malamin Hausa: Wannan ta fi kusa, sai dai ita ma da ɗan gyara. Tsohuwar zuma ana yabonta ne don tsufan ya ƙara mata amfani. Guntun gatari kuwa ba a yabe shi ba, an yarda guntu ne. Shi ya sa nike son in ji daga bakin mai ita: kana cewa taka ta fi, ko kana cewa ba ta kai ba amma taka ce?

Mai Bas na Bagalam: Malam ka matse ni. Ba ta fi ba. Na taɓa riƙa Fender ta asali sau ɗaya, na san bambanci. Amma a cikin duhu, in aka ɗauke wuta, hannuna ya san inda sol yake a kan tawa ba sai na duba ba. Akwai wuri ɗaya a tsirkiyar sol da sauti ke mutuwa da wuri, na san shi, ina kauce mishi kamar ramin da ke hanyar gidanmu.

Tsohon Ɗan Orkes: Zancen zuma ya tuna mini. Ita wannan sifa da Squier ke kwaikwayo, Precision, tun 1951 Leo Fender ya fito da ita, har gobe ana ƙera ta. James Jamerson, makaɗin bas na kamfanin waƙa Motown a Amurka, da guda ta 1962 ya yi mafi yawan aikinsa, kuma an san shi da ƙin canza tsirkiya. Mu nan ba don gwaninta muke barin tsirkiya ta tsufa ba, don babu ne. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, hanyar Ɗan Isa ta tsaya, wa zai kawo maka tsirkiya daga Kano? Cire su na yi, na tafasa a tukunya, dattin gumi ya fita, na shanya, na mayar. Uwargida ta tarar da ni a madafa ta ce yau kuma miyar ƙarfe za mu ci? Sun yi mini wata biyu da ɗan haske kafin su sake dushewa.

Ɗan Gulbi: Baba, wannan ai "da babu gara ba daɗi" ce, ba gamsuwa ba. Kada mu riƙa shafa wa talauci turare.

Tsohon Ɗan Orkes: Tsirkiyar, e, da babu gara ba daɗi. Gitar kuwa an taya ta sau uku, har da wanda ya ce zai haɗa mini da sabuwa a yi musaya, na ƙi. Wanda babu ta tilasta wa, da an miƙo zai karɓa.

Malamin Hausa: To ga inda na tsaya. In kana magana da mai aron kayan orkes, gatari ya hau daram. In da mai ce maka ka sake sabuwa ne, ka ce mishi ta ishe ni, ya fi gajarta. Tambayar da ta rage mini tun ina makaranta ita ce, mene ne guntun, ƙotar ko ruwan gatarin? Wasu dattawa sun ce ƙota, wasu sun ce ruwan ne da wasawa ta cinye.

Mai Gyaran Rediyo: A bas ɗin Yaya dai duka biyun ne, Malam.

Ɗan Gulbi: Ni har yanzu ina nan kan bakana, mai biyar zan saya in Allah ya hore. Amma Yaya, ranar Asabar muna da kamu a Ali Ɗan Sofo, tawa tana wurin gyara. Ko za ka taimaka mini da tsohuwar, zuwa sha biyun dare?

Mai Bas na Bagalam: Zo ka ɗauka bayan la'asar. Ƙarfe goma nike son abata, ina da wasa a Sabon Gari.