Gwajin basirar yara: maki iri ɗaya sau biyu ya isa hujja?

Hedimasta, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum, malamai. Ina shugabantar wata makarantar firamare mai zaman kanta, kuma a farkon wannan zango mai makarantar ya yi yarjejeniya da wani kamfani da ya kawo mana gwajin auna basira, domin a raba 'yan aji huɗu gida biyu, masu saurin fahimta daban, masu nawa daban. Da Turanci aka rubuta gwajin. Rabinsa tambayoyi ne kan ma'anar kalmomi, sauran kuma zane-zane ne da ake so yaro ya gano wanda ya ɓace a jere. An yi wa yara 62, aka sake yi musu bayan mako biyu, sai kusan kowane yaro ya sami maki kusa da na farko, kuma da wannan ne wakilin kamfanin ya kafa hujjar cewa gwajin ba ya kuskure.

Abin da ya hana ni sa hannu a takardar rabon shi ne wata yarinya da ta faɗo can ƙasa. Ta haddace izu goma, ita ce kuma ke riƙe wa mahaifiyarta lissafin cinikin awara ba tare da biro ba, amma shekara ɗaya kacal ta yi tare da mu, domin daga ƙauye aka dawo da ita. Shin maimaituwar makin ta isa in yarda da gwajin in ƙaryata abin da idona ya gani?

Malamin kwalejin ilimi, Argungu:

Wa'alaikumus salam, Malam Hedimasta. Wakilin kamfanin ya amsa tambaya ɗaya ne, ya bar ka da zaton ya amsa biyu. Ta farko ita ce tsayuwar sakamako, wato ko gwajin yana ba da amsa iri ɗaya idan aka maimaita shi. Ta biyu ita ce inganci, wato ko abin da ake cewa yana aunawa shi ɗin yake aunawa. Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa shanshera a lokacin girbi ya san bambancin. Idan aka ɗora buhun da bai bushe ba a kan sikeli sau goma, sau goma zai nuna nauyi ɗaya, sikelin bai yi ƙarya ba, amma wani kaso na abin da ka biya kuɗinsa ruwa ne. Gwajin kalmomi da aka rubuta da Turanci zai iya tsayawa cak a kan maki ɗaya alhali yawan Turancin da yaro ya ji a gida da makaranta yake aunawa, kuma wannan ba ya canzawa cikin mako biyu.

Ko tsayuwar ma akwai abin dubawa. Mako biyu tazara ce gajeriya, yara da yawa za su tuna amsar da suka zaɓa su maimaita ta, daidai ce ko kuskure, wanda hakan ke sa gwajin ya fi kama da mai tsayuwa fiye da yadda yake. Ka tambaye su lambar da ke nuna tsayuwar, wadda ke tsakanin 0 da 1. A gwaje-gwajen da ke bin tsarin David Wechsler, wanda ya fitar da na yara a 1949, matsakaicin maki 100 ne, ma'aunin bazuwarsa kuma, wato tazarar da makin yara ya saba yi daga matsakaicin, 15 ne. Idan lambar tsayuwa ta kai 0.90, wadda ake ɗauka mai kyau ƙwarai, kuskuren awo yana kusa da maki 5, kuma akan bar kusan ninki biyu na wannan sama da ƙasa domin a samu tabbaci, ma'ana yaron da ya ci 92 zai yiwu ainihin matsayinsa ya faɗo ko'ina daga 83 zuwa 101. To idan aka ja layin rabo a kan 95, yaron da ya ci 93 da wanda ya ci 97 ba wanda zai iya rantsewa cewa akwai bambanci a tsakaninsu.

Sannan 100 ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba. Matsakaicin makin yaran da aka fara gwada tambayoyin a kansu ne, don haka wajibi ne ka san su waye waɗannan yaran, a wace ƙasa, da wane harshe, kuma a wace shekara. Shekarar na da muhimmanci, domin wani mai bincike, James Flynn, ya nuna cewa a ƙasashe da dama makin irin waɗannan gwaje-gwaje ya riƙa hawa da kusan maki 3 duk shekara goma a ƙarni na 20. Ma'aunin da ke motsi haka daga tsara zuwa tsara ba zai zama hukunci a kan abin da aka haifi yaro da shi ba. Shi kansa Alfred Binet, wanda ya haɗa gwajin farko tare da Théodore Simon a Faransa a 1905, manufarsa ita ce gano yaran da ke bukatar ƙarin taimako a makaranta, kuma ya yi adawa da masu cewa basira abu ne tsayayye da ba ya ƙaruwa.

Malama, Zuru:

Malam na Argungu ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in tsaya a kan zane-zanen, domin nan ne masu tallar gwaji ke fakewa, suna cewa tunda babu kalmomi, babu ruwan gwajin da harshe ko al'ada. Irin wannan jeren zane ya samo asali ne daga gwajin John Raven da aka buga a Ingila a 1938, kuma gwaji ne mai daraja, amma yana ɗauka cewa yaro ya saba da takarda, da bin layi daga hagu zuwa dama, da zaɓen amsa ɗaya cikin akwatuna. Yarinyar da ta fara karatu a kan allo kuwa, daga dama zuwa hagu idonta ya saba tafiya.

Wani mai bincike, Robert Serpell, ya gwada wannan batu a 1979, inda ya sa yaran Zambiya da na Ingila su kwaikwayi siffofi iri ɗaya ta hanyoyi daban-daban. Da aka ba su waya su lanƙwasa, yaran Zambiya suka fi, da aka ba su fensir da takarda na Ingila suka fi, da aka ba su laka kuma aka yi kunnen doki. Duk wanda ya ga yaranmu suna ƙera mota da kara ko langa-langa ba zai yi mamakin wannan ba.

Kuma kada a zaci fassara gwajin zuwa Hausa ta kashe maganar. A ajina akwai yaran da Dakarci ne harshen gidansu, Hausa ta biyu, Turanci na uku. Ko tsakanin Hausawan ma, yaron Gwandu ko Jega idan ya ce ƙanensa yana kwana, barci yake nufi, alhali wanda ya tsara takardar amsa da Hausar Kano zai iya yi masa jan biro. Kalmar da ke da wuya a Turanci takan zama mai sauƙi idan an fassara ta, ko akasin haka, saboda haka gwajin da aka fassara sabon gwaji ne da ke bukatar a sake auna shi a kan yaranmu.

Tsohon jami'in ilimi, Gusau:

'Ya'yana malamai, ban musa abin da kuka faɗa ba, amma ina tsoron kada Hedimasta ya fita da fahimtar cewa idon malami ya fi gwaji. Na shekara fiye da talatin ina zagaya makarantu, na kuma ga yadda ɗan mai hali ko yaro mai baki ke samun shaidar hazaƙa, shi kuma mai kunya a bayan aji a ce daƙiƙi ne. Idon malami ma ma'auni ne, kuma da za a sa malamai biyu su jera yaran aji ɗaya ba tare da sun yi shawara ba, da an ga yadda tasa tsayuwar take. Gwaje-gwajen basira masu kyau suna da alaƙa ta kusan 0.5 (a ma'aunin da 1 ke nufin cikakkiyar alaƙa) da sakamakon makaranta a inda aka auna su, wanda ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ya bar fili mai yawa ga ƙwazo, lafiya da ingancin koyarwa.

Ƙaramin maki kuma wani lokaci ƙararrawa ce ta gaskiya. Mu a Zamfara ba mu manta da gubar dalma ta 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum ba, kuma sananne ne cewa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaran da suka rayu. Haka yunwa, ƙarancin jini, raunin ji ko gani, da yankewar karatu saboda gudun hijira. Idan yaro ya faɗi ƙasa, a fara duba kunnensa da idonsa, a tambayi shekara nawa ya yi a aji, kafin a yi masa laƙabi.

Hedimasta, Birnin Kebbi:

Na gode, Baba, na gode malamai. Mai makarantar ya riga ya biya kuɗi, ba zai yarda a jefar da sakamakon ba. Ta yaya zan yi amfani da shi ba tare da na zalunci kowa ba?

Malamin kwalejin ilimi, Argungu:

Ka raba makin kalmomi da na zane, kada ka karɓi jimilla kawai. Idan yarinyar nan ta yi kyau a zane ta faɗi a kalmomi, ka sami alamar cewa Turanci ne ya kayar da ita. Ka ɗauki yara goma sha biyar da suka fi faɗuwa, wani malamin da ba na ajinsu ba ya karanta musu umarnin da Hausa, ya yi musu misali biyu ko uku, ka ga ko makin zai motsa. Sannan ka roƙi mai makarantar a jinkirta rabon zuwa ƙarshen zango, lokacin da za ka iya ajiye makin gwajin kusa da sakamakon lissafi da karatu na yaran 62, ka ga ko waɗanda gwajin ya ɗaga su ne suka yi gaba. Idan kamfanin ya ƙi ba ka makin kowane sashe daban, ko ya kasa gaya maka a kan waɗanne yara aka kafa 100 ɗinsa, ka rubuta wannan a takarda ka miƙa wa mai makarantar tare da takardar rabon da ba ka sa wa hannu ba.