Kalma ɗaya a fom ɗin biza ta hana ni barci

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, tun jiya ban runtsa ba. Ɗana mai shekara 14 zai je hutu Ingila wajen yayata a Birmingham. Shekara takwas rabona da ita. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar Innarmu, ita ta yi min kayan ɗaki, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, kullum maganarta a turo mata Sadik. Da nake cike fom sai na ci karo da tambaya mai kalmar "accompany". Na duba ƙamus na ga an ce raka. To, ƙanin babansa ne zai raka shi filin jirgin Abuja, sai na sa sunansa da lambar fasfonsa. Yanzu biza ta fito da sunan baffan. Yaya ta kira ni tana salati wai akwai matsala. Ina matsalar take?

Malam na Zariya: Wa alaikumus salam. Hajiya, matsalar babba ce. Rakiyarmu ta Hausa, ka taka wa baƙo zuwa bakin titi ka juyo. Wannan a Turanci "see off" ake cewa. Ita "accompany" tafiya ce tare har inda za a je. Asalinta ma daga kalmomin Latin biyu ne, "tare" da "burodi", wato abokin cin guzuri. Dokar Birtaniya ita ce: yaro ɗan ƙasa da 18 zai iya sa sunan manya har biyu da zai yi tafiya da su, kuma idan ya sauka ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ba, ana iya hana shi shiga.

Hajiya Babba: Allah sarki. Ni ma haka wani asibiti ya yi min, takarda ta ce "accompanied by" wasu takardu, na kwashi ƙanwata muka tafi, na zaci ɗan rakiya ake nufi. Kuɗin mota biyu, muka wuni a layi, aka ce mu koma mu ɗauko sakamakon gwaji. Ko kallon arziki ma'aikaciyar ba ta yi mana ba.

Malam na Zariya: Wannan ma'ana ta biyu ce, a haɗo takarda da takarda. Akwai ta likitoci, zazzaɓi mai zuwa da ciwon kai. Akwai ta kiɗa, kamar yadda mai kalangu yake bin mawaƙi. Kuma ba a cewa "accompany with me", ɗalibaina sun gajiyar da ni da wannan.

Abu Hanif: Malam, ba aji muke ba. Hajiya, ki sa shi a jirgi kawai. British Airways na ɗaukar ɗan shekara 14 shi kaɗai, yayarki ta tarbe shi.

Malam na Zariya: Dokar kamfanin jirgi daban, ta jami'an shige da fice daban. Kada ki bi wannan, ana iya juyo miki da yaro daga filin jirgin Heathrow na Landan. Ko baffan ya nemi tasa bizar su tafi tare, ko a sake nema wa yaron a matsayin mai tafiya shi kaɗai, da takardar yardar iyaye da adireshin yayarki.

Ummi: Da ma eja kika ba wa tun farko.

Maman Sadik: Eja nawa suka cinye kuɗin mutane a unguwarmu? Ni fa na yi makaranta, kuma ƙamus ne ya ce raka, ba ni na ƙirƙira ba. Baffan kuma yana da shago, ba zai bar shi ba. Tikiti an riga an saya, saura kwana 12. Idan Yaya ta tsaya a bakin ƙofar fita da fasfonta a hannu, wannan ba zai wadatar ba?

Malam na Zariya: Kafin ya iso ƙofar da take tsaye sai ya wuce jami'an. Ba zai wadatar ba.

Ummi: Wai ina babansa a duk wannan maganar? Shi me ya ce?