Wa ya taɓa wanke sulensa kafin a auna darajarsa?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Shekara guda ke nan ina tara sulallan Amurka, irin waɗanda ake kashewa yau da gobe, musamman kwabon nan mai zangarniyar alkama a bayansa, wanda aka buga daga 1909 zuwa 1958. Akwai wani na 1931 da ya yi duhu, na sa man goge baki da tsumma na dirje shi har ya yi ja wur. Da na kai wa wani da ya daɗe a harkar, yana karkata shi a hasken fitila sai ya nuna mini siraran layuka birjik a kumatun Lincoln, tsohon shugaban Amurka da hotonsa ke fuskar kwabon. Ya ce na kankare masa fata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wa irin wannan ta taɓa samu?

Tsohon Hannu:
Wa'alaikumus salam. Yi haƙuri ɗana, ni ma ta same ni, kuma a kan azurfa. Kwata ce, wato sulen Amurka na senti 25, ta 1964, shekarar ƙarshe da Amurka ta buga ta da azurfa kashi 90 cikin 100 don hada-hadar yau da kullum. Na tsoma ta a ruwan wanke azurfa ta yi fari fat, na tura wa masu auna daraja. Ta dawo a rufe cikin roba babu lambar daraja, an dai rubuta cewa an wanke ta.

Ma'aunin da ake bi daga 1 zuwa 70 yake, William Sheldon ne ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama na sulen da bai taɓa yawo ba ne. Namu na aljihu yawanci tsakanin 4 da 50 suke, kuma ba kyalli ake dubawa ba, ana duba yawan zanen da hannaye suka cinye. A kwabonka, kalli layukan zangarniyar da kumatu da muƙamuƙi. Duhun nan da ka cire shi ne shaidar cewa ba a taɓa fuskar ƙarfen ba. Sheƙin asali kuwa daga bugun inji yake fitowa, yana zagayawa in ka juya sulen a haske, kuma in ya tafi babu man da zai dawo da shi.

Uwar Sulalla:
Ni ban dirje ba, ajiya ce ta cuce ni. Na zuba kwabban tagulla a 'yan jakunkunan leda masu taushi, irin na PVC, bayan shekara biyu na tarar da wani koren abu mai danƙo a kansu. Asiton zalla, wani ruwan sinadari mai narkar da danƙo, na jiƙa su a ciki, ban goga ba, na bar su suka bushe da kansu. Yawancinsu sun tsira, amma uku koren ya riga ya ci su. Yanzu a kwali mai tagar roba marar PVC nake ajiyewa, kuma ta gefe kawai nake riƙe su.

Mai Duba Canji:
Sulen Birtaniya na pens 50 da aka buga a 2009 don tunawa da lambun Kew Gardens na Landan na samu a canji a Ingila. Guda 210,000 kacal aka buga. Da dauɗarsa na ajiye shi, ko ruwa bai gani ba.

Sabon Shiga:
Na gode Baba, na gode Hajiya. To Baba, akwai wani na 1925 da zangarniyarsa ta dushe amma yana ɗan sheƙi. Shi ma yawo ne ya cinye shi?

Tsohon Hannu:
Ba lallai ba. Wani lokaci tun a gidan buga kuɗi hatimin ya tsufa, ko bugun bai shiga sosai ba, sai zanen ya fito a dushe alhali sulen sabo ne. Akwai wani sule da na taɓa ba shi lamba 30 a raina, masana suka ba shi 55 saboda haka. Samo gilashin ƙara girma mai ninki 5, ka zauna da fitila ɗaya. In wurin da ya dushe launinsa ya bambanta da sauran kuma ya yi sumul, yawo ne. In sheƙin ya ratsa ta kansa bai yanke ba, bugu ne. Duba ka gaya mana abin da ka gani.